Yaro ya ƙera burushinsa ya fi ya cika zanen wasu da launi

Manhajojin zane da ake saukar wa yara a waya ko tabilet mafi yawansu iri ɗaya ne. An riga an zana kyanwa ko mota, yaro ya zaɓi launi, ya taɓa, launi ya cika wurin, sai talla ta fito. Bayan rabin awa data ta ƙare, caji ya sauka, yaron kuwa bai koyi komai ba illa danna allo. Alhali na'urar nan tana iya ba shi damar ƙera kayan aikin zanensa da kansa, wato burushi, da kuma tsara zane mai maimaituwa irin na atamfa. Wannan ne ya kamata yayye da iyaye matasa su nuna wa yara, domin ya fi kowace manhajar cika launi amfani.

Da farko ya kamata a san yadda burushin na'ura yake aiki. Layin da ake gani a allo ba layi ɗaya ba ne da gaske. Ƙaramin hoto ne manhaja take bugawa kamar hatimi, sau da yawa, ɗaya kusa da ɗaya, a duk inda yatsa ko alƙalami ya bi. Idan tazarar da ke tsakanin bugun ta yi ƙanƙanta, ido ya ga layi mai santsi. Idan aka buɗa tazarar, sai hotunan su rabu, a ga jerin taurari ko ganyaye ko sawun kaza. Bayan tazara akwai warwatsuwa, wadda ke sa hotunan su bazu gefe da gefe. Akwai juyawa, wadda ke sa kowane bugu ya fuskanci inda hannu ya nufa. A na'urar da ke da alƙalami mai jin ƙarfin dannawa, ana iya sa girman bugun ya ƙaru idan an danna sosai.

Yaro ɗan shekara 8 zai iya fahimtar wannan cikin zama ɗaya. Ya zana ganye guda a fili mai kusurwa huɗu daidai, ya ajiye shi a matsayin bakin burushi, ya ƙara tazara, ya ja layi. Nan take reshe cike da ganye ya bayyana. Abu ɗaya da ke rikita masu farawa shi ne launi: a Procreate farin wuri ne yake zana, baƙin kuma ya zama fanko, a Krita kuwa akasin haka ne. Idan burushi ya fito kamar baƙin akwati, yawanci juya launin ne maganinsa.

Amfanin wannan ya wuce zane. Yaron da ya canza tazara daga kaɗan zuwa da yawa, ya ga sakamako, ya koma ya gyara, yana yin abin da masu rubuta manhaja suke yi kullum: a ba na'ura ƙa'ida, a canza lamba ɗaya, a duba abin da ya fito. Burushi umarni ne na maimaitawa, a buga wannan hoto, a matsa gaba, a sake bugawa. Tun 1967 Seymour Papert da abokan aikinsa suka fito da harshen Logo a Amurka a kan wannan tunani, cewa yaro ya fi koyon lissafi idan shi ne yake ba na'ura umarni ta zana. Scratch, wanda jami'ar MIT ta saki a 2007, a kan turbar nan ya ɗora. Ƙera burushi hanya ce mai sauƙi zuwa wannan tunani ga yaron da bai iya karanta Turanci sosai ba tukuna.

Zane mai maimaituwa ya fi burushi buƙatar nutsuwa. Sharaɗinsa shi ne gefen dama ya haɗu da na hagu, sama ya haɗu da ƙasa, ta yadda idan aka jera shi kamar tayil ba za a ga mahaɗa ba. Dabarar tsohuwa ce. A buɗe fili mai fiksel 2000 tsawo da faɗi, a yi zane a tsakiya ba tare da taɓa gefe ba. Sai a raba shi gida huɗu, kowane kashi ya koma kusurwar da ke ɗaura da tasa. Yanzu zanen ya koma gefuna a yanke, tsakiya ta zama fanko. A cike tsakiyar da sabon zane, shi ke nan. Krita ta ma sauƙaƙa aikin da tsarinta na Wrap Around Mode, wanda ke nuna filin a jere ko'ina, layin da ya fita ta dama ya shigo ta hagu a gaban idon mai zane.

A nan ma akwai lissafi na gaske. A 1891 masanin Rasha Evgraf Fedorov ya tabbatar da cewa hanyoyin da zane zai iya maimaituwa ya rufe shimfiɗa iri 17 ne kacal. Yaro ba ya buƙatar sanin sunayensu. Amma idan ya juya fure rabin zagaye, ko ya yi masa madubi, ko ya saukar da layi na biyu da rabin tsayi, yana taɓa darasin da zai tarar a aji nan gaba, kuma zai iske ya riga ya san shi da hannunsa.

Abin da ya fi daɗi shi ne yaron da ya tashi a ƙasar Hausa ba ya buƙatar aron misali. Hular da ke kan babansa zane ne mai zagayowa ya haɗu da kansa. Aska takwas a gaban babbar riga, dagi a bangon gidajen Zariya da Kano, adon ƙwarya, tabarma, ƙunshin lalle, da rinin da ake yi a Ƙofar Mata, duk maimaitawa ce da daidaito. Atamfar da ke jikin uwarsa kuwa daga abin bugawa mai juyawa ta fito, shi ya sa furenta yake dawowa bayan wani tsayi. Manhajojin zane suna zuwa da burusai masu yawa, amma da wuya a samu na dagi a ciki. Idan yaran nan ba su ƙera shi ba, wasu ne za su ƙera, su kuma su saya.

Akwai ƙorafe-ƙorafe, kuma ba na banza ba ne. Na farko kuɗi. Procreate, wadda kamfanin Savage Interactive na Ostareliya ya fitar a 2011, tana da ɗakin ƙera burushi mai kyau, Brush Studio, amma iPad take buƙata, kuma sayenta ake yi. Sai dai ba dole sai ita ba. Krita kyauta ce, babu talla, kuma tana kan Android tun 2020, ko da yake ta fi dacewa da babban allo. Manhajar ibisPaint X ta Japan tana aiki a ƙaramar waya, har ana raba burushi ta hanyar lambar QR, amma tana da talla, don haka sai babba yana kusa.

Na biyu, yawan kallon allo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara 2 gaban allo, masu shekara 2 zuwa 4 kuma kada su wuce awa ɗaya a rana. Wannan aiki ba na waɗannan ƙananan ba ne. Na yaran firamare ne, kuma ba ƙarin lokaci ake nema musu ba. Rabin awar da suke ɓatawa a gajerun bidiyo ita za a karkatar.

Na uku, wasu za su ce takarda da fensir sun fi. Gaskiya ne hannu ya fi koyo a takarda, kuma can ya kamata a fara. Dabarar raba zane gida huɗu tana yiwuwa da almakashi da salatif. Amma takarda ba za ta nuna wa yaro zanensa a jere sau ɗari cikin daƙiƙa ɗaya ba, ba kuma za ta bar shi ya gwada launi goma ba tare da ɓata komai ba. A zana a takarda, a ɗauki hoto, a mayar da shi burushi.

Nauyin yana kan matasan da wayar ke hannunsu, domin su ne ƙanne suke roƙo a ara musu. Kafin a miƙa wayar, a zauna da yaro minti 15, a ƙera burushi guda tare, sannan a bar shi ya lalata shi ya gyara. Idan ya kammala zanen da ya ji daɗinsa, a kai shagon buga takardu a fitar masa da shi, ya yi bangon littafinsa na makaranta.