Robar wuya ba wurin zama ba ce ga masu wankin ƙoda

Duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon ƙoda ya san robar nan da ake cusawa a wuya, wadda likitoci ke kira kateta. Tana bi ta babbar jijiya har kusa da zuciya, don a samu hanyar wanke jini cikin gaggawa. Tana ceton rai, babu musu. Abin da ke damuna shi ne yadda muke barin ta ta zama ta dindindin.

Tun wajen sakawa akwai haɗari. Allura kan kuskure ta huda jijiyar da ke kai jini kai, ko ta taɓa huhu iska ta taru a ƙirji. Shi ya sa tun 2002 hukumar NICE ta Ingila ta ba da shawarar a riƙa duba jijiyar da na'urar sikan ana sakawa. In robar ta daɗe kuma, ƙwayoyin cuta su bi ta su shiga jini, ko jini ya daskare, ko jijiyar ta tsuke. Wannan na ƙarshe ya fi muni idan ta ƙasan ƙashin da ya haɗa wuya da kafaɗa aka saka. Hannu ya kumbura, kuma da wuya a iya yin fistula a wannan ɓangaren. Af, ba yoyon fitsari nake nufi ba. Ƙaramar tiyata ce a hannu, a haɗa jijiyoyi biyu, wadda aka fara a birnin New York a 1965. Tana ɗaukar mako shida zuwa takwas kafin ta nuna.

To, ga 'yan'uwanmu Hausawa mazauna Tamanrasset, maganar ta fi nauyi. Tsakaninsu da Aljiyas kusan kilomita 2,000 ne, gyaran jijiyar da ta tsuke kuwa aikin ƙwararru ne. Sannan a ce mutum da roba a wuya ya hau mota zuwa In Gezzam, ya ƙetara Assamaka ya nufi Agadas, cikin ƙura da zufa, babu mai canja masa bandeji? Ai ganganci ne.

Mai jinya, ka daina jin kunyar likita. Tambaye shi: ta wace jijiya za a saka, da sikan ko babu, yaushe za a cire, yaushe za a yi fistula? Kuma hannun da aka ware wa fistula, kada ka bari a ɗebi jini ko a saka ruwa a cikinsa.