Ɗakin Motsa Jiki: Ƙofar ta Kowa Ce?

Yau za mu duba ɗakunan motsa jiki, inda likita kan tura ɗan kasuwa da ma'aikacin ofis idan hawan jini ko ciwon sukari ya taso. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, ba ta kuwa cire mace ko tsoho ba.

To, mace mai hijabi ta shiga ina? A 2008 Jami'ar Harvard ta Amurka ta keɓe wa mata 'yan sa'o'i a ɗaya daga ɗakunanta bisa roƙon ɗalibai Musulmi. Aka yi ta surutu, alhali sutura kawai suka nema. A 2009 kuma Majalisar Malaman Indonesiya ta haramta yoga mai haɗe da addu'o'in addinin Hindu, ta halatta wadda take motsa gaɓɓai zalla. Ashe gyara kaɗan ya isa a buɗe ƙofa.

Abin yana da asali a Sunna, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha. Saboda haka muna kira ga masu waɗannan wurare su ware wa mata lokaci da mai koyarwa mace, su dakata lokacin salla, su sassauta wa mai ƙaramin albashi. Maigidan da ya biya wa kansa kuma kada ya manta da uwargida.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.