Dubiya Ko Ƙarin Ciwo?

Ni dai ba Bahaushiya ba ce, a Sabo ta Ibadan na tsinci Hausa kafin in zo nazarinta a jami'a. Saboda haka idan na taka wani a wannan rubutu, a yi mini afuwa, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya.

A hutun da ya wuce aka yi wa mahaifiyar wata ƙawata aiki, aka cire mata nono ɗaya saboda ciwon daji. Bayan kwana kaɗan aka sallame ta, aka haɗo ta da takardar bayani da Turanci, ga kuma ɗan tiyo a gefen hammata da robar da ruwa ke taruwa a ciki. Da yake an san Hausa nake karantawa, sai aka miƙo mini takardar wai in fassara. Nan ido ya raina fata. Na san waƙa da nahawu, amma ban san abin da zan kira 'yan ƙullutun nan da aka cire mata a hammata ba, har sai da wata tsohuwa ta ce, "Ai kaluluwa kike nufi, 'yar nan."

Abin da takardar ta ƙunsa ba mai wuya ba ne. A riƙa juye ruwan robar ana rubuta yawansa kullum, domin galibi sai ya ragu zuwa kamar mililita 30 a rana ake cire tiyon, wato bayan mako 1 zuwa 3. Kada ta ɗauki abu mai nauyi da hannun wannan ɓangaren har mako 4 zuwa 6, amma kuma kada ta naɗe shi ta ajiye, sai ta riƙa motsa shi a hankali yadda aka nuna mata, don kada kafaɗa ta sandare. Idan aka ga zazzaɓi, ko wurin ɗinki ya yi ja, ko yana fitar da mugunya, a koma asibiti a ranar. Cire kaluluwa kuma yakan jawo kumburin hannu, wani lokaci bayan watanni ko shekaru.

To, ga inda gizo ke saƙa. An gaya wa dangi cewa nan gaba za a yi mata gashi, ana nufin na na'ura a asibiti. Wata gwaggo da ta zo dubiya kuwa sai ta ɗora tukunya, ta nemo tawul, za ta gasa wurin da ruwan zafi kamar mai jego! Allah ya sa ƙawata tana nan. Fatar wurin aiki takan mutu ta daina jin zafi, da ta ƙone ba ta sani ba. Gwaggon ba ta da laifi, kalma ɗaya ce mai fuska biyu, kuma ba wanda ya bambanta mata.

Dubiya al'ada ce mai kyau, mu ma Yarabawa muna yin ta. Amma a nawa ganin, dubiyar da za ta sa mara lafiya ta tashi zaune sau 20 a yini tana amsa "ya jiki?", kowa na son a buɗe masa ya gani, wannan ta ba da labarin wadda ta rasu, waccan ta kawo sassaƙe ta ce a bar maganin asibiti, ba taimako ba ce. Wadda ta fi burge ni wata maƙwabciya ce da ba ta ma shiga ɗakin ba. Takan zo da safe ta ɗebo ruwa, ta yi wanki, ta tafi.

Mu kuma ɗaliban harshe, namu laifin ya fi. Dajin nono shi ne kan gaba cikin ciwon daji a tsakanin matan Nijeriya, ga Hausawa maƙil a Sabo da Agege da Idi-Araba, amma kundayenmu na kammala digiri kusan duk a kan karin magana da waƙoƙin baka suke. Me zai hana 'yan aji uku mu haɗu da ɗaliban koyon jinya mu fassara irin wannan takarda, shafi ɗaya tak, da boko da ajami, mu kuma naɗi murya a waya don waɗanda ba sa karatu? Ni na fara tawa, kuma har yanzu ina neman kalmar da za ta raba gashin asibiti da na gwaggo. Mai shawara ya same ni a sashe.