Takobin Da Ba Ya Kisa: Ra'ayi A Kan Rurouni Kenshin

Sau da yawa akan ɗauka cewa sara da suka ne ke jan hankalin masu kallon Rurouni Kenshin, fim ɗin zane na ƙasar Japan da aka fara nunawa a talabijin a 1996. A ganina, armashin labarin yana ga tauraronsa, Himura Kenshin, wanda ya zub da jini a yaƙin da ya kawo mulkin Meiji a 1868, sa'an nan ya rantse ba zai ƙara kisa ba, ya rataya takobin da kaifinsa ke baya.

Mawallafin, Nobuhiro Watsuki, ya faro labarin a Tokyo cikin 1878, bayan an hana samurai yawo da takobi. Sauran taurarin duk ma'auni ne ga wannan rantsuwa. Alal misali, Kaoru tana koyar da takobi domin kare rai, Saito yana ganin mugu ba shi da magani sai kisa, Shishio kuwa ya yarda mai ƙarfi ke cinye rarrauna. Saboda haka duk sa'ad da Kenshin ya zare takobi, fargabar mai kallo ita ce kada ya karya alkawari.

Ya kamata manazarta adabi mu lura: jarumin da ke kokawa da zuciyarsa ya fi mai fille kawuna daɗewa a zukatan jama'a.