Ƙanƙarar Da Ba Ta Kashe Ƙishirwa

A watan Janairu na 2019 aka ƙaddamar da wani rahoto a Abuja, wanda ya nuna 'yan Nijeriya miliyan 14.3 suna ta'ammali da miyagun ƙwayoyi. A cikinsu akwai masu zuƙar "ayis", wato metamfetamin, wadda Inyamurai ke kira mkpuru mmiri. Dattawa ba su manta da a-ji-garau ba. To wannan yayarta ce, ta kuwa fi ta mugunta.

Tun 2011 Hukumar NDLEA ta gano wurin dafa ta a Legas, a 2016 kuma ta cafke 'yan Meziko huɗu a Asaba. Ashe ba baƙuwa ba ce. Abin takaici, ɗan'uwa mai gadi ko ɗan dako shi ake yaudara da ita, wai maganin gajiya. Sai ya kwana uku ido biyu, abinci ya fita ransa, haƙora su ruɓe, ya shiga zargin abokin kwanansa. Kuɗin da iyali ke jira a gida kuwa sun ƙone.

Kame kaɗai bai isa ba. Wajibi ne mahukuntan Abuja su yawaita asibitocin jinyar waɗanda suka kamu, Sarakunan Hausawan Agege da Sabon Ibadan kuma kada su rufa wa dillalanta asiri.