Aikin kine ba ya shiga hannu ta salula

Wani abokin aikina da muke koyarwa tare a nan Damana ya same ni bayan la'asar da salularsa a hannu. Ƴarsa ta ci bak, kuma ta ƙwallafa rai kan aikin da mu a Nijar muke ce wa kine, maƙwabtanmu na Najeriya kuma su ce fisiyo, wato gashin ƙashi da motsa gaɓoɓin marasa lafiya. An turo mata talla ta WhatsApp. Wata makaranta ce a ƙasar waje take cewa za ta ba da digirin dakta a wannan fanni, ɗalibi yana gida yana karatu ta intanet, sai ya leƙa makarantar lokaci-lokaci don gwajin hannu. Ya ce da ni, "Mushe, ka ga ai an hutar da mu. Yarinya tana gaban uwarta, ga kuma dakta a ƙarshe. Me ka gani?"

Na ce masa ban yarda ba. Bai ji daɗi ba, kuma na san akwai iyaye da malamai da yawa da irin wannan tallar za ta shigo wayoyinsu, shi ya sa na ga ya dace in faɗi dalilina a fili.

Dalilina na farko a kafaɗar mahaifina na same shi. Shekarun baya ya samu shanyewar ɓarin jiki, muka bi da shi ta Ballayara zuwa Yamai. Bayan hawan jinin ya lafa, wata ma'aikaciyar kine ta riƙa zuwa tana miƙe masa hannu da ƙafa, tana koya masa juyawa da zama. Da za a sallame mu, ni mai boko sai na ɗauki hoton bidiyonta tana aikin, na ce a gida zan ci gaba. Kullum safe da yamma ina kallo ina yi, ban tsallake ko da motsi ɗaya ba. Amma tsoho ya fara kuka da kafaɗa, har ya kai idan ya ga na nufo shi sai ya kau da kai. Da muka koma, matar ta ce in yi a gabanta. Ban kai ga gamawa ba ta ɗora tafinta kan nawa ta ce, "Malam, jan hannun kake yi. Tallafe shi ake yi daga nan." Ta kai yatsuna bayan allon kafaɗarsa. Ashe idan jijiyoyi suka saki, ƙwallon kafaɗa yakan zame daga gurbinsa, wanda kuma ya ja hannun daga tsintsiya ƙara zamar da shi yake yi. A bidiyon ana ganin hannunta yana ɗagawa, amma ba a ganin nauyin da ɗayan hannun yake ɗauke da shi a ɓoye. Na kalli abin ya fi sau 100, minti biyu na hannunta a kan nawa suka gyara ni.

Ba sabon abu ba ne a wurinmu. Maɗori a ƙasar Kurfai ko Tondikandiya ba ya koya wa ɗansa ɗori da baki kawai. Yaro yakan shekara da shekaru yana riƙe ƙafar wanda ya karye kafin a bar shi ya ɗaure karan farko. Ba ina cewa aikin kine da ɗori ɗaya ba ne, akwai ilimin jijiya da ƙashi da numfashi mai zurfi wanda sai an zauna an karanta. Amma inda suka haɗu shi ne hannu.

To, in an yi adalci, karatun rabi-da-rabi ba zamba ba ne a inda ya samo asali. A Amurka ba a shiga wannan aiki yanzu sai da digirin da suke kira DPT, wanda galibi shekara 3 ne bayan digirin farko. Jami'o'i sanannu irin su Baylor ta jihar Texas suna gudanar da shi rabi ta intanet, rabi a ɗakin gwaji. Sai dai a lura da abin da ke riƙe da tsarin. Hukumar da ke tantance waɗannan makarantu, CAPTE, ta wajabta aƙalla mako 30 na aiki cikakke a asibiti ƙarƙashin ƙwararre, ko ɗalibi na zaman aji ne ko na intanet. Bayan haka akwai jarrabawar samun lasisi da kowa zai zauna. Wato abin da suka mayar intanet shi ne lacca, ba taɓa maras lafiya ba. Kuma ɗalibin da ke wannan karatu ya riga ya yi jami'a shekara 4, ya san yadda ake karatu ba mai tsaye a kansa, wutarsa ba ta ɗaukewa, a garinsu kuma akwai asibitin da zai karɓe shi ya yi istaj.

Yanzu a ɗauko wannan tsari a aje shi a Damana. Wane ƙwararre ne zai tsaya kan yarinyar tana koyon ɗaga maras lafiya daga gado? Mu da kanmu sai mun yi tafiyar fiye da kilomita 100 kafin mu ga sashen kine mai kayan aiki. Batun rezo da wuta kuwa ba sai na tsawaita ba. Duk mun tuna watan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, har Yamai kanta ta sha duhu, ba a maido ba sai Maris na 2024. Wanda jarrabawarsa ta faɗo cikin waɗannan watanni ta intanet, wa zai kai wa kuka?

Akwai kuma abin da mu malamai muka sani wanda iyaye ba sa son ji. Yaron da ya fito lise jiya, in ka ba shi darasi ka ce ya karanta a gida, cikin goma nawa ne ke yi? Yarinya kuma tata ta fi wuya. In dai tana gida, to tana gida ne: ga daka, ga ɗebo ruwa, ga ƙanne, damina ta zo ga kai abinci gona. Ba wanda zai ga tana riƙe da salula ya yarda aji take ciki. Abin da abokina yake gani a matsayin sauƙi, wato zamanta gaban uwarta, shi ne zai fara cinye karatun.

Kalmar "dakta" ce ta fi ruɗar mu, na lura. A tsarin jami'o'inmu na lisans da masta da dakta, wannan suna yana zuwa ne bayan shekara 8 da bincike. DPT kuwa digirin sana'a ne, ba na bincike ba. A Najeriya hukumar jami'o'i ta ƙasa, NUC, ta sanar a Janairun 2025 cewa karatun fisiyo ya koma matakin dakta, aka ƙara shi daga shekara 5 zuwa 6, kuma ƙarin don a samu lokacin asibiti ne. Su da suka ɗaga sunan, zaman asibiti suka ƙara. Saboda haka idan wani ya zo maka da suna babba da lokaci gajere da zama a gida, ka tambaye shi abin da ya cire.

Kuma ba a rasa wuraren zaman aji kusa da mu ba. Jami'ar Bayero ta Kano ta daɗe tana koyar da fannin, ga Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ga Asibitin Ƙashi na Dala. Karatun da Ingilishi ne, wannan shinge ne ga ɗan lakwal ɗinmu, amma marasa lafiyar da zai taɓa da Hausa za su gaya masa inda ke ciwo, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce. Ga mai son ci gaba da Faransanci akwai makarantar kine ta Kwatano da ke ƙarƙashin Jami'ar Abomey-Calavi, ko da yake hanyar Benin ta yi wuya tun bayan 2023, akwai kuma ENAM ta Lome. Ko ina aka zaɓa, kafin a biya ko jika ɗaya uba ya taka zuwa ma'aikatar lafiya a Yamai ya ji ko za a amince da takardar a ba yaro izinin aiki. Ya tambayi makarantar sunan asibitin da ɗalibai ke istaj, da mako nawa, da wanda ke sa hannu. In amsar ita ce "ɗalibi zai nemo da kansa", to an gama magana.

Ba zan ɓoye inda hujjata take da rauni ba. Zaman aji yana da tsada. Ga haya, ga abinci, ga mota, kuma ba kowa ke samun bursi ba. Iyaye da yawa ba za su bar ƴa mace ta tafi Kano ko Lome ita kaɗai ba, ga su kuwa mata ne suka fi buƙatar mace ta riƙa musu wannan aiki. Sannan wanda ya tafi birni ya shekara 5 ko 6, da wuya ya dawo Filinge ya zauna. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum biliyan 2.4 ne a duniya ke buƙatar irin wannan kulawa ta farfaɗo da jiki, mu kuma a nan ba sai an ƙirga mana ba: masu hawan jini da suka faɗi, waɗanda babur ya kayar, yaran da sanƙarau ya bari da nakasa. A nan ne nake ganin amfanin rabi-da-rabi, amma ga wani mutum daban. Wanda ya riga ya yi lisans ɗinsa a aji, yana aiki a likita, kullum hannunsa na kan marasa lafiya, shi ne ya dace ya ƙara ilimi ta intanet ba tare da ya bar mutanensa ba. Shi lacca ce ta rage masa. Ƴar abokina kuwa ko bugun jijiya ba ta taɓa ji da yatsanta ba.

Abokin nawa bai ce ya yarda ba. Ya dai ce kuɗin Kano ba ya da su a bana, ni ma ban da amsar wannan. Abin da muka tsayar shi ne yarinyar za ta je Yamai wurin gwaggonta, a nema mata izini ta yi mako guda tana kallon aiki a sashen kine, ta ga miyau da kuka da tsohon da ke zagin mai miƙe masa ƙafa. Da na gaya mata, ta ce, "Baba, in na ga abin ya fi ƙarfina fa?" Na ce to gara ta gani yanzu, tun ba a sayar da sa ba.