Me ya sa ƙ, ɗ da ɓ ke rikiɗa su zama akwati a kwamfuta?

Ɗalibi ya gama buga kundinsa a waya, ya kai shagon buga takardu, aka buɗe a Word sai duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke aka ga ɗan akwati. Abin da yawancin masu shago ke yi shi ne su cire lanƙwasar, a mayar da su k, d da b. Aiki ya fita, amma "ƙafa" ta koma "kafa", "baƙi" ya koma "baki".

Matsalar ba iri ɗaya ba ce, shi ya sa magani ɗaya ba ya yi mata.

Idan akwati aka gani, rubutun lafiyarsa ƙalau. Salon haruffan da aka zaɓa ne ba shi da zanen harafin. Tsarin Unicode ya ba kowane harafi lambarsa: ƙ tana da 0199, ɓ 0253, ɗ kuma 0257. Ko a Word, idan aka rubuta 0199 aka danna Alt da X tare, ƙ za ta fito. Sai dai ba kowane mai ƙera salon haruffa ne ya damu ya zana su ba. Sauya salo zuwa Noto na Google, ko Charis da Andika na cibiyar SIL, ya wadatar, kuma kyauta ake saukar da su.

Idan kuwa aka ga "Æ™asa" a gurbin "ƙasa", manhajar ce ta karanta fayil ɗin da tsarin da ba nasa ba. A sake buɗe shi da UTF-8. Mafi muni ita ce alamar tambaya: galibi an adana fayil ɗin ne da tsohon tsarin ANSI, harafin ya ɓace, sai dai a bi a gyara da hannu.

Akwai kuma gadon da aka ci. A shekarun 1990, lokacin da manhajojin rubutu ba su san waɗannan haruffa ba, Farfesa Abdalla Uba Adamu ya ƙirƙiro wa Hausa salon haruffa masu lanƙwasa, kuma sun yi wa marubuta rana. Dabarar zamanin ita ce a ari gurbin wani harafi. Shi ya sa har yau ake cin karo da "qasa", "xaya" da "varawo", ko "}asa", a tsofaffin maƙalu da aka ɗora a intanet: salon ya tsaya a kwamfutar marubuci, rubutun ya yi gaba shi kaɗai. Wanda ya nemi "ƙasa" a Google da wuya ya faɗa kan irin waɗannan, ga su nan amma kamar babu.

Abin mamakin shi ne yanzu waya ta fi kwamfutar ofis sauƙi, tunda Gboard na da Hausa. Cikas ɗin na wajen madaba'u da sassan jami'o'in da har yanzu suke karɓar aiki da tsohon salo. Kafin su sauya, mai aika rubutu ya haɗa da kwafin PDF, domin shi yana tafiya da haruffansa.